Laccar Da Aka Yi Wa 'Yan Kasuwa Kan Hawan Tarakta

'Yan'uwa talakawa, mun saba ran kasuwa mai tarakta ya rage mana hanya, mu hau kan buhuna kyauta. To, in ta kife aka rasa rai, wa zai biya diyya? Tsohuwar dokar inshorar mota ta 1945 a Nijeriya, kafin a soke ta a 2025, ta kula da wanda aka buge a hanya, amma ba ta tilasta wa kamfani ɗaukar nauyin wanda ya hau motar kaya kyauta ba. Ingila ta toshe wannan kafa tun 1972. A Indiya kuwa, a 2002, Kotun Ƙoli ta wanke kamfani, watau marayu su bi mai mota, wanda sau da yawa shi ma talaka ne. Saboda haka kafin mu hau, lalle mu tambaye shi ko takardar inshorarsa ta haɗa da mu.