Ranar Ƙarshe Tana Ciki ko Tana Waje?



Tambayar da zan yi magana a kanta yau kowane mai rubuta manhajar intanet ya ci karo da ita: ga ranar farawa, ga ranar rufewa, shin wannan kwanan watan ya faɗa tsakaninsu? Layi ɗaya ake rubutawa, shi ya sa ake raina aikin. Amma da layin nan ake karɓar takardar mai neman gurbin karatu ko a ƙi ta, da shi kuma ake haɗa lissafin kuɗin wata.

Mu ɗauki shafin rajista da aka ce zai rufe ranar 31 ga Maris. A wurin jama'a, ranar nan tana ciki har dare ya raba. Ita kuwa kwamfuta, idan ka ba ta kwanan wata ba tare da sa'a ba, sai ta ɗauki farkon ranar, wato ƙarfe 12 na dare daidai. Wanda ya zo da ƙarfe 9 na safiyar ranar 31, a lissafinta ya makara da awa 9. Haka abin yake a rumbun bayanai. Umarnin BETWEEN na SQL yana haɗa iyaka biyun, amma idan rukunin kwanan watan yana ɗauke da sa'a, duk cinikin da aka yi a wunin ƙarshe zai zube daga rahoto, kuma babu wani gargaɗi da zai fito. Sai akanta ya yi ta neman kuɗin da ba su ɓace ba.

Wasu suna toshe ramin da rubuta 23:59:59. Ban yarda da wannan dabarar ba, domin JavaScript tana ƙirga lokaci da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, tun daga 1 ga Janairu 1970, saboda haka akwai sauran lokaci bayan daƙiƙar da ka rubuta. Hanyar da ta fi tsafta ita ce a haɗa iyakar farko, a bar ta ƙarshe a waje: lokacin ya kai farkon 1 ga Maris ko ya wuce, kuma bai kai farkon 1 ga Afrilu ba. Edsger Dijkstra, masanin kwamfuta ɗan ƙasar Holan, ya kare wannan tsari a wata gajeriyar takarda a 1982, ko da yake a kan jerin lambobi yake magana. Amfaninsa shi ne inda Maris ta ƙare nan Afrilu ta fara, babu giɓi, babu abin da za a ƙirga sau biyu.

To, tsakar daren wa? A nan ne nake so mu ɗan tsaya. Kano da Damagaram suna gaban agogon GMT da awa 1, Kumasi tana kan GMT daidai, Makka tana gaba da awa 3. Idan ka rubuta 2025-03-31 kawai a JavaScript, za ta fassara shi da tsakar daren GMT, wato ƙarfe 1 na dare a Kano. Wanda ya buɗe shafin a birnin New York zai ga 30 ga wata. Idan kuwa ka ƙara sa'a a rubutun ba ka faɗi yankin lokaci ba, sai ta koma agogon na'urar mai amfani. Rubutu kusan iri ɗaya, hukunci biyu. Don haka kafin ka taɓa madannai, koma wurin wanda ya ba ka aikin ka tambaye shi: da agogon wane gari za a rufe? Ka sa amsar a fili a kan shafin, mai nema ya gani. Kuma hukuncin ƙarshe a uwar garke za a yanke shi, domin agogon waya kowa yana iya mayar da nasa baya.

Akwai ƙananan tarkuna. A JavaScript watan Janairu lamba 0 ne, Disamba 11. Rubutun 03/04 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris. Tsarin ISO 8601, shekara sannan wata sannan rana, shi ke raba gardamar.

Kada ku ce manyan kamfanoni sun wuce irin wannan. Ranar 29 ga Fabrairu 2012, Azure na kamfanin Microsoft ya samu babbar tangarɗa. Manhajar tana lissafa ranar ƙarewar takardar shaidar tsaro ta hanyar ƙara 1 a kan shekara, sai ta fito da 29 ga Fabrairu 2013, ranar da babu ita a kalanda. Saboda haka idan kun zo gwaji, kada ku gwada da 15 ga wata, kowace manhaja tana cin wannan. Ku gwada daƙiƙar farko ta ranar buɗewa, da ƙarfe 11 da rabi na daren rufewa, da 29 ga Fabrairu, sannan ku sauya yankin lokacin na'urarku ku sake gwadawa daga farko.