Idan Mai Aiki Ya Tambaye Ka: "Nawa Ake Biyanka A Da?"

Jawabin tafintan sashen kariya ga iyalai a matsugunan 'yan gudun hijira na jihar Maraɗi

Na san akwai waɗanda suka baro tukunya a kan wuta, akwai waɗanda suka baro gona. Allah ya saka da alheri.

Tun daga 2019 da rikicin 'yan bindiga ya koro mutanenmu daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa yankin Gidan Runji, aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, kowa ya gane cewa tallafi kaɗai ba ya riƙe gida. Magidanta na fita neman aikin gona da gini da dako. Mata na neman ɗinki, girki da raino. Masu ilimin boko kuma suna kai takardunsu ƙungiyoyi da makarantu. A wajen wannan nema ne ake yi wa mutum tambayar da ta tara mu yau: "Nawa ake biyanka a inda ka baro? Kawo takardar albashinka mu gani." Wani ma cewa zai yi ka buɗe wayarka ya duba saƙonnin banki.

Shawarar sashen kariya a taƙaice ita ce: kada ka yi saurin nunawa. Ba dole ba ne a kanka. Sau da yawa nunawar kai take cutarwa, shi kuma ta amfane shi. Akwai wurare kaɗan da nunawa ke da amfani, za mu zo kansu. Amma bari mu fara da dalilai.

Kowa a nan ya san kasuwar dabbobi. In ka kai rago, mai saye ne ke tayawa, kai kuma ka ce albarka har a kai inda za ka sallama. Ba wanda ke fara gaya wa mai saye nawa ya sayi ragon yana ɗan ƙarami. Ƙarfinka da sana'arka su ne hajarka. Mai aiki ya riga ya san abin da ya ware wa aikin nan tun kafin ka iso ƙofarsa. In ya ware jika 60 a wata, sannan ya ga takarda ta nuna ana ba ka jika 35 a baya, zai ce ya ba ka 40, kai kuma ka yi godiya kana ganin an yi maka ƙari. Jika 20 ɗin da suka rage a aljihunsa, kuɗin hatsin 'ya'yanka ne na kowane wata.

Dalili na biyu shi ne lissafin Naira. A 2019 mafi ƙarancin albashi a Najeriya Naira 30,000 ne. A lokacin dalar Amurka ɗaya tana wajen Naira 360 a kasuwa, wato albashin ya haura dala 80, kusan jika 48 na sefa. A 2024 dala ɗaya ta wuce Naira 1,500. Wannan Naira 30,000 ɗin in aka canza ta a farashin 2024, dala 20 ce kawai, wajen jika 12. Sefa kuwa a ɗaure take da kuɗin Turai, Yuro ɗaya sefa 655 da 'yan kai, ba ta yin irin wannan faɗuwa. To ka ga malamin firamare ko ma'aikaciyar asibiti da ta nuna tsohuwar takardar albashi, mai aiki zai ɗauki waya ya buga canjin yau, ya ce ai jika 12 kake karɓa a can, in na ba ka 20 na yi maka gata. Takardar gaskiya ce, amma lissafin da aka yi da ita zalunci ne. Ita kanta Najeriya ta ɗaga mafi ƙarancin albashinta zuwa Naira 70,000 a watan Yulin 2024 saboda tsohon ya daina sayen komai.

Haka abin yake ga waɗanda suka taɓa yi wa wata ƙungiya aikin sa kai a nan, kamar wayar da kai, kula da famfo ko koyar da yara. Abin da ake ba su alawus ne na ƙarfafa gwiwa, ba a auna shi da darajar aikin ba. In ka kai wannan lambar wurin ɗan kasuwa ko mai makaranta a cikin gari, zai ɗauka farashinka ke nan.

Dalili na uku ya fi kuɗi nauyi, domin ya shafi rai. Takardar albashi ba lamba kaɗai ke cikinta ba. Akwai cikakken sunanka, wurin da ka yi aiki, ƙaramar hukumarka, sau da yawa har lambar asusunka na banki. Saƙonnin banki a waya suna nuna wanda ke turo maka kuɗi, da nawa, da yaushe. Dukanmu mun san abin da ya raba mu da gida. Masu satar mutane ba sa zaɓe da ka, da labari suke aiki: wane yana da ɗa a Legas mai aiko masa, wance mijinta ma'aikacin gwamnati ne. Hoton takarda ɗaya da aka ɗauka da waya yana iya yawo a WhatsApp ya tsallaka iyaka kafin ka iso gida. Mai yiwuwa wanda ya nemi takardar mutumin kirki ne, amma ba ka san wanda zai ari wayarsa gobe ba. In kana da 'yan'uwa da suka rage a ƙauye, su ma labarin kuɗinka yana iya jawo musu fitina. Magana zarar bunu ce.

Kada wani ya ga kamar mu ne muka ƙirƙiro wannan tsoron. A Amurka birnin Niyok ya hana masu ɗaukar aiki yin wannan tambaya tun 2017, jihar Kalifoniya ta bi baya a 2018. Tarayyar Turai ma ta kafa doka a 2023 da ta hana tambayar mai neman aiki albashinsa na baya. Hujjarsu ita ce, wanda aka taɓa biya ƙasa da haƙƙinsa, musamman mata, in ana gina sabon albashi a kan tsoho, zaluncin farko zai yi ta binsa har ya tsufa. Waɗannan dokoki ba sa aiki a nan. Na kawo su ne don ku san cewa ƙin amsa wannan tambaya ba rashin kunya ba ne.

Abin da ke aiki a nan shi ne wannan. Nijar tana cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951. Sashe na 17 na yarjejeniyar ya yi magana a kan damar yin aikin albashi. Sashe na 24 ya ce a maganar lada da lokutan aiki, a yi wa ɗan gudun hijira da ke zaune bisa ƙa'ida yadda ake yi wa ɗan ƙasa. Kuma mafi ƙarancin albashin wata a Nijar ya koma sefa 42,000, wato jika 42, daga 30,047 da yake a da. Mun san a aikin gona na yini da aikin gida ba kowa ke bin wannan ba. Amma ku riƙe lambar a ka. Duk wanda ya ɗauke ka aikin wata cikakke a kamfani ko shago ko makaranta, daga nan lissafi ke farawa, ba daga abin da ka karɓa a Isa ko Sabon Birni shekaru biyar da suka wuce ba.

To me za ka ce in an tambaye ka? Ba sai an yi faɗa ba. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce: "Alhaji, abin da na karɓa a can na wata ƙasa ne da wani lokaci. Kai nawa ka ware wa wannan aiki?" In ya matsa, ka ce: "Ga abin da na iya, ga shekarun da na yi ina yinsa, ga abin da zai ishe ni." Ke ma uwa, in Hajiya ta tambaye ki nawa waccan ke ba ki, ki ce: "Hajiya, aikin can daban, na nan daban. Ki faɗa mini abin da zan riƙa yi, sai mu yi magana a kansa."

Kafin ka faɗi abin da zai ishe ka, ka yi tambaya. Ka tambayi 'yan gari masu irin aikin nawa ake ba lebura a yini, nawa ake ba magini, nawa ake biyan girbin gero, da abinci ne ko ba abinci. Matambayi ba ya ɓata. Wannan ya shafi zamanmu da masu masaukinmu ma. In ɗan gudun hijira ya riƙa karɓar rabin abin da ɗan gari ke karɓa, gobe za a kori ɗan gari a ɗauke shi, jibi kuma a ce mu ne muka karya musu farashi. Mutanen nan sun raba rijiya da gona da mu. Kada mu bari mai neman arha ya haɗa mu da su.

Gaskiya ɗaya da ba zan ɓoye muku ba: yana iya cewa in ba ka nuna ba, ba zai ɗauke ka ba. Mai yara bakwai da buhu ya kusa ƙarewa, ba mai zarginsa in ya ga ba shi da zaɓi. In ta kai ga haka, ka rage ɓarnar. Ka faɗi lambar da baki tare da shekarar, ka ce a lokacin tana daidai da jika kaza. In dole sai takarda, ka yi kwafi, ka shafe lambar asusu da sunan garinku, ka nuna a hannunka ka koma da abinka. Kada ka bari a ɗauki hoto. Wayarka kuwa kada ka buɗe wa kowa, lambar sirrin banki ko ta katin ATM ba wanda ke da hurumin tambayarka.

Akwai inda nunawa ke da amfani. In kai malami ne da ya kai wani mataki, ko ma'aikaciyar jinya mai shekaru goma a aiki, kuma wurin da kake nema babbar ƙungiya ce mai tsarin albashi a rubuce, shaidar matsayinka na baya tana iya hana a sa ka a matakin sabon shiga. Ko a nan ma, abin da suke buƙata shi ne shaidar aikin da shekarunsa. Takardar ɗaukar aiki, ta ƙarin girma, ko shaidar kammala makaranta sun wadatar. Ka miƙa su ga ofishin ma'aikata na ƙungiyar da kanka. Kada ka ba wani ɗan tsakani da ya ce zai kai maka.

Duk wanda ya yi aiki a wani kamfani ko ƙungiya a nan Nijar, ranar barin aiki ya nemi takardar shaidar aiki, wadda da Faransanci ake kira certificat de travail. Tana nuna ranar da ka fara, ranar da ka bari, da irin aikin da ka yi. Ita ce takardar da ta dace ka nuna wa mai aiki na gaba.

Da yawa daga cikinmu ba su da takarda ko ɗaya. Wasu ta ƙone da gida, wasu kuma manoma ne da 'yan kasuwa da ba a taɓa rubuta musu albashi ba. Wannan ba naƙasu ba ne. Tela ya ɗinka riga a gani. Magini ya ɗora layi biyu na bulo a duba. Mai unguwarku ko wanda ka taɓa yi wa aiki ya tsaya maka shaida. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Amma gwajin da ya wuce yini guda aiki ne, a yi maganar ladansa tun farko.

Kada kuma tsoron arha ya kai ka ga ƙarya. Wanda ya ce ana ba shi jika 100 alhali 30 ne, ko ya je aka buga masa takardar jabu, in asiri ya tonu aikin zai tafi, kuma takardar jabu laifi ce da ke kai mutum gaban alƙali. Sannan 'yan'uwanka da za su zo bayanka, ba za a ƙara yarda da su ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kana da damar yin shiru, ka tsaya a kanta. Maganar da muke yi kuma ta mai ɗaukar aiki ce. Ma'aikatan rajista da na tallafi in sun zo da tambayoyinsu, a gaya musu gaskiyar halin da gida ke ciki.

In an daidaita, a yi shi gaban shaidu biyu, in so samu ne a rubuta: nawa ne, ranar biya, awa nawa, da abinci ko babu, wa zai biya kuɗin mota. Ka sami ɗan littafi ka riƙa sa alama kowace rana da ka yi aiki, in ba ka karatu ɗanka ya rubuta maka. Takardar shaidarka ta ɗan gudun hijira da katin karɓar abinci, a gani a mayar maka nan take. Ba a ajiye su jingina wurin kowa. Aikin ƙungiyoyin agaji ba a sayensa, wanda ya ce ka ba shi wani abu ya sa sunanka ɓarawo ne. Wanda kuma ya nemi 'yarku ko matarku da lalata a madadin aiki, ku kawo mana maganarsa ko wane ne shi, za a saurare ku a asirce.

In an hana ka ladanka, an riƙe maka takarda, ko an ɗauki hoton takardunka ba da yardarka ba, ka zo teburin sashen kariya. Akwai ma'aikata mata ga wadda ta fi son magana da mace. Rikicin albashi da kamfani kuma akwai ofishin sufeton aiki a Maraɗi, za mu nuna maka hanya, mu yi maka tafinta in ana buƙata. Ba a biyan ko dala.

Waɗanda suka zo, a isar wa waɗanda ba su zo ba, musamman samarin da ke shirin fita cin rani. Allah ya sa albarka a guminmu, ya saka wa masu masaukinmu, ya dawo da zaman lafiya garuruwanmu. Mai tambaya ya ɗaga hannu, iyayenmu mata su fara.