Daren da na manta hatimin

Yau maganar Homebrew ce, wanda masu Mac ke rubuta "brew install" sai manhaja ta sauka.

Ina da wata 'yar manhaja a can. Da, duk sabuwar fitowa da hannu nake gyara fayil ɗin formula: in canza lambar, in kwafo SHA256, wato hatimin da ke tabbatar ba a taɓa fayil ɗin ba. Wani dare, ido duk barci, na manta hatimin. Da safe saƙonni suka cika min waya, wai brew ya ƙi saukewa. To, ai gaskiyarsa ne!

Yanzu GitHub Actions ke yin aikin. Ina tura alama, misali v1.4.0, GoReleaser ya haɗa manhajar, ya lissafa hatimin, ya sabunta formula a tap ɗina.

Amma fa ku kula: mabuɗin da GitHub ke bayarwa kai tsaye ba ya rubutu a wani rumbun daban. Sai kun ƙirƙiri naku, ku ɓoye shi a Secrets, ku ba shi izinin rumbun tap kaɗai. Don Allah kar ku manna shi cikin kod.