LACCA: INA HAYAƘIN KASUWA YA KE ZUWA?



Yau maganarmu a kan iskar da mu ke shaƙa ce. Mun saba cewa hayaƙi ya tashi ya ɓace. To, ba ya ɓacewa, wuri ya ke sakewa.

Ku fara duba hazon hunturu. Yawancin ƙurar nan daga wani busasshen kwari ta ke tasowa a ƙasar Cadi, sunansa Bodele, inda dā ruwan Tafkin Cadi ya ke kwance. Iska ta ɗauko ta, ta keto Nijar, ta zo ta zauna a kan albasar Aliero. Wannan ba mu da ikon tsai da ita.

Amma akwai wanda hannunmu ya ke haɗawa: buntun shinkafa da a ke cinna wa wuta, da juji mai cike da leda, da tsohuwar taya wurin babbaka, da janareto, da manyan motocin da ke tsayawa a mararrabar Jega injinsu na ruri.

Ga abin lura. Da rana ƙasa ta yi zafi, iska mai ɗumi ta haura sama da hayaƙin. Da dare kuwa, lokacin ɗari, iska mai sanyi ita ke kwantawa ƙasa, mai ɗumi ta rufe ta kamar faifai a bakin tukunya. Sai hayaƙi ya rasa hanya, ya bi fadamar Gulbin Zamfara, ya shiga ɗakunanmu. Shi ya sa tari ya kan tsananta da asuba. Kuma da ya ke iskar hunturu daga arewa maso gabas ta ke busowa, abin da aka ƙona wajen Aliero mutumin Jega zai shaƙa, na Jega kuma ya gangara wajen Maiyama. Da damina iska ta juya, a rama musu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta gurɓatacciyar iska tana kashe mutum wajen miliyan 7 kowace shekara. Cikinsu har da mata masu hura itace a rufaffen madafi, da goyon da ke bayansu.

Saboda haka kada mu kwana da kaskon gawayi ko janareto cikin ɗaki, gubarsu ba ta da wari. Sa'an nan masu karɓar kuɗin rumfa kowace ranar kasuwa, mu tambaye su da babbar murya: ina motar kwashe shara, da har sai mun ƙona ta a gindin kayanmu?