Jirgi Daidai da Mai Tuƙa Shi

(Jawabin da malamin lakwal na garinmu ya yi a taron shekara na ƙungiya, kan maganar sayen jirgin su.)



Ni ba masunci ba ne, ubana ma manomi ne. Mu mutanen Adar, daga Madawa zuwa Buza har Keita, dutse muka sani da fadamar albasa. Amma tun da aka fara aikin Keita a 1984, tare da taimakon Italiya, aka yi ta datse ƙoramu, ruwa ya riƙa kwanciya a wuraren da dā kwana biyu yake yi ya wuce. Yau samarinmu na kama tarwaɗa da karfasa a ruwan da ke bayan gari, wasu kuma na tafiya Tabalak, kan hanyar Tawa zuwa Agadas, su koyi su wurin masu shi. Shi ya sa biro ya kawo shawarar a ɗebi kuɗin asusu a sayo jirgi. Kuɗin nan guminku ne na ci-rani, waɗanda za su shiga jirgin kuwa ƴaƴanku ne, da yawansu sun zauna a ajina. Don haka na roƙi a ba ni minti kaɗan.

Na ji wasu na cewa a sayo babba, irin wanda suka gani a bakin Kwara, don kada garuruwan maƙwabta su raina mu. Ku tuna da abin da ya faru shekarun baya, da wani ɗan'uwanmu ya sayo tsohon jirgin kogi daga kudu, aka kawo shi cikin kamyo, aka yi guɗa. Yara biyu suka shiga. Da hadari ya taso daga gabas, iska ta kama gefen jirgin, suna tuƙi yana tafiya inda ya ga dama, sai a wancan ƙetare aka tsince su bayan magariba. Ɗayansu ɗan ajina ne, ni na raka uwarsa bakin ruwa da fitila. Da rani ya yi, ruwa ya janye, mutum shida suka kasa jan jirgin zuwa inuwa. Rana ta tsattsage shi, ƙarshensa makamashi. Ba mugun jirgi ba ne, ba namu ba ne kawai.

Bari in kai ku nesa kaɗan, sannan in dawo gida. A can ƙarshen arewacin duniya, a Girinlan da Kanada da Alaska, akwai mutanen da ake kira Inuwit. Su ne suka ƙago ƙaramin jirgin nan na mutum ɗaya mai suna kayak, wanda wasunku suka ga Turawa na wasa da shi a bakin teku. Da itace da ƙashi suke haɗa gangar jikinsa, su lulluɓe da fatar wata dabbar teku da Faransawa ke kira fok, su bar ƙofa guda inda maharbi zai zauna. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, ba su da metir. Jikin mai jirgin ake aunawa: tsawo kamar gabansa uku, faɗi kuwa ƙugunsa a ƙara dunƙulen hannu biyu. Kamar tela ne da riga. Har yau mai sayen kayak na teku, wanda tsawonsa kan kai metir 5, faɗinsa bai cika wuce santimetir 60 ba, sai ya shiga ya zauna, ya ji inda gwiwarsa da ƙafarsa suka tokare, kafin ya biya.

Mu ma a ƙasashenmu an san wannan. Ɗan Argungu kan hau gora ya bi kifi da koma a hannu. Buduma na tabkin Cadi da ciyawar ruwa suke ɗaure nasu jirgin. A Dufuna ta jihar Yobe kuwa, a 1987, wani makiyayi yana haƙar rijiya ya ci karo da kwalekwalen da masana suka ce ya kai wajen shekara 8,000, tsawonsa ya ɗara metir 8. Kowane ruwa da irin jirginsa, kowane mutum da nasa.

To, abu uku nake roƙon a duba.

Na ɗaya, wa zai tuƙa? Yaro marar nauyi a cikin babban jirgi, jirgin ba ya zama cikin ruwa sosai, gefensa na sama, iska ke mulkinsa. Ƙato a cikin ƙarami kuwa, bakin jirgin na shafar ruwa, igiyar ruwa kaɗan ta cika shi. Ga lissafin da muke yi a aji: litir 1 na ruwa kilo 1 ne, jirgi kuwa sai ya ture ruwa daidai nauyin da ya ɗauka. Jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi, tsawo metir 4, faɗi santimetir 80, in an cire tsinin gaba da na baya, kowane kilo 25 na nutsar da shi kamar santimetir 1. Ke nan buhun hatsi mai kilo 100 zai ci santimetir 4. Ku haɗa nauyin mutum biyu, da jiƙaƙƙen taru, da kifi. In an gama lodi, a ce aƙalla taƙi guda ya rage tsakanin ruwa da bakin jirgi. Wanda ya ci wannan taƙin, da ransa yake ciniki. A watan Mayu na 2021, jirgin da ya nufi kasuwar Wara ta jihar Kabi ɗauke da mutum fiye da 150 ya tsage a tsakiyar Kwara, kaɗan ne suka fita.

Na biyu, wane ruwa? Dogon jirgi siriri ya fi gudu, ya fi miƙewa, amma yana da wuyar juyawa, kuma yana rawa a ƙarƙashin wanda bai saba ba. Gajere mai faɗi ba ya sauri, sai dai yana tsayawa daram har mutum ya miƙe ya jefa birgi. Mai shimfiɗaɗɗen gindi ya dace da ruwa marar zurfi mai laka, amma ba ya son manyan igiyoyi. Namu ruwan kwance yake, ba tafiyar yini za a yi ba, kuma kowace shekara janyewa yake. Saboda haka ba gudu muke biɗa ba. Muna son wanda mutum biyu za su iya ɗagawa su aza a amalanke, a kai shi inuwa, a shafe shi da kwalta kafin damina.

Na uku, wane aiki? Jirgin su daban, jirgin fito daban. In Magiya ko wata ƙorama ta kawo, kada wani ya zo ya ce a ara masa jirgin ƙungiya ya ƙetare da mata da buhuna. Ruwan ƙorama gudu yake da itace da duwatsu, ba sa'an ƙaramin jirgi ba ne. A rubuta wannan cikin dokar ƙungiya tun yau, don kada gobe a ga baƙin wanda ya hana.

Ga shawarata. Maimakon babba guda, a sa masassaƙi ya yi mana ƙanana biyu na katako, ta yadda in ɗaya ya kife, ɗayan na kusa. Ku da za ku je ciniki, ku tafi da samarin da za su tuƙa. A sa jirgin a ruwa, su shiga da kayansu, su zauna ƙasa-ƙasa, su karkata dama da hagu, su juya shi da filafili da gora. Ku duba tsakanin katakai ko ruwa na tsattsafowa, ku soka tsinin wuƙa a gindi ku ji ko itacen ya ruɓe. Wanda ya hana ku gwadawa, ku bar masa kayansa. Ku ware kuɗin rigar ruwa ga kowane matuƙi. Kafin ta samu, a ɗaure bido mai litir 20, wanda ba kome a ciki, an rufe bakinsa gam, a gaban jirgi da bayansa. Zai iya riƙe kan mutum a sama har taimako ya iso.

Abu na ƙarshe, iyayena, ku yi mani haƙuri. Iya ruwa fid da kai. Kada a ba kowa jirgin nan sai ya yi iyo a gaban dattawa biyu, ko ɗan wane ne. Na ɗauki alkawari, in an sami wanda ya iya, zan riƙa kai ƴan babban aji bakin ruwa ranar da ba karatu, su koya a inda bai wuce ƙirji ba.

Yanzu magana ta koma hannun biro da dattawa. In na yi kuskure a gyara mani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mai da matafiya masaukinsu lafiya.