Jawabi: Barin taba da kwanciyar rai



Mashayin taba yana cewa sigari ke kwantar mashi da rai. Ga gaskiyar magana. Cikin taba akwai wani dafi, sunanshi nikotin. In jiki ya saba da shi, kullum sai ya nema. In ya rasa, rai ya ɓaci. In ya sha, ya samu sauƙi kaɗan. Ke nan taba ce ta kawo damuwar, kuma ita ke saida maganinta.

Ga lissafi: in kara guda dala 5 ne, mai shan kara 10 kullum yana ƙona jikka 7 da rabi a wata. Kuɗin hatsin iyali ne.

Wanda ya bari, kwanakin farko sun fi wuya: fushi, ciwon kai, rashin barci. Bayan sati 2 zuwa 4, abin yana raguwa. Azumi shaida ne: mashayi yana yini bai sha ba. Wanda ya iya yini, ya iya bari.

Amma bari kaɗai ba ya cika zuciya. Sai an haɗa da ibada, aiki da zumunci. Sannan mutum ya tsaya salla, hankalinshi ba ya wurin ashana.

Allah ya ba da ikon bari.