Sana'ar Mata a Ƙasar Managil

A cikin wannan taron murna an ba mu zarafi mu yi magana a kan aikin hannun mace, da abin da ya kamata mu yi domin 'ya'yanmu mata.

Bari mu fara tuna yadda kakanninmu suka zo ƙasar Sudan. A shekara ta 1903 Turawa suka yi yaƙi da Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, ya rasu a can. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas, har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da a ke kira Mai Wurno. Waɗansu kuma tafiyar Makka ce ta kawo su, guzuri ya ƙare, suka tsaya neman na gaba. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe gonakin auduga na Jazira. Bayan Sudan ta sami mulkin kai a 1956, aka ja ruwan zuwa Managil, aikin ya ci har farkon shekarun 1960.

Yawancin Hausawa ba su sami hawasha ba, watau gonar da hukuma ta ke yanka wa manomi. Sai suka zauna a ƙauyukan 'yan ƙodago da a ke kira kambo. Daga watan Janairu, in auduga ta fashe, mata da yara su kan shiga gona tun da asuba, da yamma a auna abin da kowa ya ɗiba, a biya shi gwargwadon nauyi. Aiki ne na 'yan watanni kaɗai. In kaka ta wuce, kuɗi ya wuce.

Domin wannan iyayenmu mata suka koma ga sana'ar da suka taho da ita daga Kano da Katsina da Sakkwato. Suka soya gyaɗa, suka matse mai, suka yi ƙuli-ƙuli, suka dama fura, suka toya ƙosai. Wadda ba ta fita ta kan aiki 'yarta da tire. Suka kuma riƙe adashi, abin da Larabawan Sudan ke ce wa sanduk. Da kwasar adashi mace ta kan sayi akuya, ko keken ɗinki, ko ta yi wa 'yarta kayan ɗaki. Gidaje da yawa da wannan kuɗi suka ci tuwo a shekarar da gona ba ta yi ba.

Amma akwai abu guda da ya kamata mu duba da idon gaskiya. Tiren nan da ya ciyad da gida, shi ne kuma ya kan hana yarinya makaranta. Uwa ta sami ribar yau, 'ya ta rasa ta shekara arba'in.

Ba nesa da mu ba ne aka fara karatun 'yan mata na Sudan. A 1907 Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata a Rufa'a, a bakin Shuɗin Nilu. Ya fara da 'ya'yan gidansa da na maƙwabta, mutane suna ta sūkarsa. Daga wannan iri aka sami kwalejin mata ta Ahfad a Omdurman a 1966. A Omdurman kuma aka buɗe makarantar ungozomai a 1921. Khalida Zahir ta fita likita a 1952, Fatima Ahmad Ibrahim ta shiga majalisar ƙasa a 1965. A 1975 aka kafa Jami'ar Jazira a Wad Madani. Tun kafin waɗannan duka, a ƙasar Sakkwato, Nana Asma'u ta riƙa aika jajis ƙauye ƙauye suna koya wa mata. Ashe karatun mace ba baƙo ba ne a wurinmu.

Ku dubi bukatarmu. Ruwan da ke rayad da auduga, shi ne ke kawo sauro da tsargiya. Mace mai naƙuda da dare tana son ungozoma wadda ta ke jin Hausa. Wa zai zama ungozomar, in ba 'yar da muka sauke wa tire ba?

Saboda haka muna roƙonku abu huɗu.

Na ɗaya, ku raba uwar kuɗi da riba. Kada a taɓa jari domin biki ko suna, gama wadda ta ci irinta ba ta da abin shuka.

Na biyu, ku sayi ɗan littafi ku rubuta abin da ya shigo, da abin da ya fita, da sunan mai bashi. Wadda ba ta iya rubutu ba, 'yarta 'yar makaranta ta rubuta mata.

Na uku, ku haɗa kai. Awadiya Mahmud Koko ta tara mata masu sayad da shayi da abinci a Khartum suka yi ƙungiyar gama kai, har aka ba ta lambar girma a Amurka a 2016. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, talla ta jira a tashi daga makaranta. Ku kuma maza, kada ku ɗauki kuɗin matanku kamar naku ne. In kun ranta, ku biya.

Mun ga amfanin wannan da idonmu. Yaƙi ya tashi a zamaninmu, cikin Afrilu 2023. A Disamba na shekarar nan Wad Madani ta faɗi, mutane suka kwararo Managil, sai a Janairu 2025 sojan gwamnati suka karɓe ta. Mai kanti ya bar kantinsa, mai gona ya bar gonarsa. Amma mai ɗinki, da malamar makaranta, da ungozoma, kowacce ta iso da sana'arta a hannu, ta ciyad da 'ya'yanta a baƙon wuri.

To, 'yan'uwa, kowace uwa ta koma gida ta ƙidaya 'ya'yanta mata, ta ga ko akwai wadda sunanta ba ya cikin littafin makaranta. In akwai, a kai ta bana. Allah ya sa albarka a aikin hannuwanku.